Haya ko Gini: Yadda Netflix Ya Raba Aikinsa Gida Biyu

A tsakiyar watan Agustan 2008, kamfanin Netflix ya shafe kwana uku bai iya aika wa mutane fayafayan DVD ba. A lokacin babbar sana'arsa ke nan: mutum ya zaɓi fim a shafin kamfanin, a saka masa faifan cikin jan ambulan a tura ta gidan waya, in ya gama kallo ya mayar a aiko masa da wani. Masu biyan kuɗin wata sun haura miliyan 8, duk a Amurka. Fayafayan suna nan jibge a sito, ma'aikata sun fito aiki, gidan waya bai shiga yajin aiki ba. Abin da ya lalace shi ne rumbun bayanan kamfanin, kundin da ya san wa ke jiran wane fim kuma a wane gida. Rumbu ne guda ɗaya tak, yana zaune a kan manyan na'urori masu tsada a cibiyar kamfanin. Da ya rikice, komai ya tsaya cak.

Mai jiran faifai yana iya haƙurin kwana uku, wataƙila ma akwai wani a gida da bai gama kallo ba. Amma tun watan Janairun 2007 kamfanin ya fara haska finafinai ta intanet, kuma kowa a cikinsa ya ga inda kasuwa ta dosa. Wanda ya zauna gaban talabijin bayan cin abincin dare ya danna fim, jiran minti uku ma ya yi masa yawa. Da irin wannan karyewar ta jira sai kallo ya koma intanet gaba ɗaya sannan ta auku, da sai dai wani labarin.

Hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su gyara gidansu, su gina ƙarin cibiyoyi, su sayi ƙarin na'urori, su ɗauki masu kula da wuta da wayoyi da sanyaya ɗakuna, ko kuma su koma zaman haya a abin da ake kira girgije. Sunan yana ruɗar mutane, alhali babu abin da ke shawagi a sama. Manyan gine-gine ne maƙare da kwamfutoci, mallakar wani kamfani, kai kuma kana hayar ƙarfin aikinsu da wurin ajiyarsu, ana cajinka gwargwadon abin da ka ci. Bambancin ya yi kama da na mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa da mai haƙa rijiyar burtsatse. Na farko ba ya kashe dunƙulen kuɗi, ranar da ya yi baƙi ya ƙara kura biyu, ranar da ya yi tafiya ba ya biyan ko sisi. Na biyu ya zuba kuɗi tun farko, gyaran famfo da man janareta duk a wuyansa suke, amma kowace jarka tana zo masa da araha muddin gidan yana shan ruwa da yawa kullum.

Netflix ya zaɓi haya, kuma a wurin Amazon, wanda bai wuce shekara biyu ba da buɗe wannan kasuwar ta sashensa na AWS a 2006. A wancan zamanin manyan kamfanoni suna ɗari-ɗari da ita, suna ganin ta 'yan koyo ce. Akwai kuma wani ƙulli: Amazon ma yana sayar da finafinai ta intanet, wato kishiya ce kuma ita ce mai gidan hayar.

A watan Disambar 2010 wani babban injiniyan kamfanin, John Ciancutti, ya bayyana dalilansu a rubuce. Wanda ya fi kama hankalina shi ne amincewar da ya yi cewa ba su iya hasashen yawan mutanen da za su shigo ba, balle irin na'urorin da za su yi kallo da su. Wannan magana tana da nauyi ga duk wanda ya taɓa sayen kayan aiki. Gina cibiya yana cin watanni, wani lokacin fiye da shekara: a nemi wuri, a ja wuta, a yi odar na'urori, a jira su iso, a harhaɗa. In ka gina don mutum miliyan 5 sai miliyan 15 suka zo, ka kunyata a idon duniya. In ka gina don miliyan 15 sai miliyan 5 suka zo, ka binne kuɗinka a cikin ƙarfe mai tsufa kowace rana. A wurin haya kuwa, injiniya yana iya tayar da kwamfuta dubu cikin 'yan mintuna, ya kashe su in dare ya yi nisa mutane sun kwanta.

Ƙaurar ta ɗauke su shekara bakwai. Da sun ga dama da sun kwashi manhajarsu yadda take sun dasa a kwamfutocin Amazon cikin ɗan lokaci, amma hakan na nufin ɗaukar cutar tsohon gida a kai ta sabo. Sai suka wargaza ƙatuwar manhajar suka mayar da ita ɗaruruwan ƙanana, kowace da aikinta: wannan ta shigar da mutum, wannan ta zaɓo masa finafinan da za su dace da shi, wannan ta tuna inda ya tsaya jiya. Rumbun nan guda ɗaya ma aka maye gurbinsa da irin wanda ke ajiye kwafin bayanai a na'urori da yawa, musamman Cassandra, ta yadda mutuwar na'ura ɗaya ba za ta tsayar da kowa ba.

Zaman haya ya zo da sharaɗin da dole su haɗiye. Kwamfutar da ka haya tana iya mutuwa kowane lokaci, ba ka da ikon shiga ɗakin ka duba ta, ba ka ma san wace ce ba a cikin dubbai. Maimakon su yi ta fargaba, sai suka ƙirƙiri wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wato biri mai ɓarna, wadda aikinta shi ne ta riƙa kashe kwamfutocinsu da gangan, a lokacin aiki, injiniyoyi suna zaune a ofis. Duk sashen da ya faɗi saboda mutuwar kwamfuta ɗaya, an gano rauninsa da rana tsaka, an gyara kafin ya tona asiri da tsakar dare. A watan Afrilun 2011 wata babbar matsala ta auka wa cibiyoyin Amazon na arewacin jihar Birjiniya, shafuka da yawa suka yi kwanaki suna tangal-tangal, Netflix kuwa ya wuce da ɗan ƙwarzane.

Sai ga jajibirin Kirsimetin 2012. Da tsakar ranar 24 ga Disamba, agogon yammacin Amurka, wani ma'aikacin Amazon ya gudanar da wani aikin gyara a inda bai kamata ba, ya goge bayanan da tsarin rarraba zirga-zirga ke dogaro da su a cibiyoyin Birjiniya. Wannan tsarin shi ne ɗan sandan kan hanya da ke nuna wa kowace buƙata kwamfutar da za ta je. Talabijin da na'urorin wasa da yawa a Amurka da Kanada da Latin Amurka suka kasa kunna fim, a daren da iyalai ke taruwa a gida, kuma abin bai gama daidaita ba sai a ranar Kirsimeti. Kwamfutocin Netflix lafiyarsu ƙalau, manhajarsa ba ta da laifi, amma ƙofar shiga ta toshe kuma makullin yana hannun mai gida. Injiniyoyin da suka ƙware wajen karya kayansu don su gwada shi, a daren nan babu abin da ya rage musu sai jira. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk mai sukar zaman haya yana da hujjarsa a wannan daren.

Abin da suka yi bayan nan ya nuna irin lissafinsu. Ba su tattara sun koma gida ba, sai ma suka ƙara hayar. A 2013 suka shimfiɗa aikinsu a yankuna biyu masu nisa da juna, Birjiniya a gabas da Oregon a yamma, kowanne yana aiki a lokaci guda kuma yana iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa, daga baya aka haɗa da na Ayalan. Suka kuma fito da yayan birin nan, Chaos Kong, wanda ke kwaikwayon faɗuwar yanki sukutum don a riƙa atisayen kwashe masu kallo zuwa wani. A watan Satumbar 2015 Birjiniya ta sake samun tangarɗa, suka karkatar da jama'a, yawancin masu kallo ba su ma san an yi ba. Wannan kariya ba kyauta ba ce. Dole kowane yanki ya riƙe rarar ƙarfin da zai karɓi baƙi, kuma rarar ma haya ce da ake biya.

A farkon Janairun 2016 aka kammala kwashe sashen karɓar kuɗi, wanda yana cikin na ƙarshe, aka rufe abin da ya rage na tsohuwar cibiyar kallo. Ranar 6 ga watan, shugaban kamfanin na lokacin, Reed Hastings, ya tsaya a wani baje kolin kayan fasaha a Las Vegas ya sanar da buɗe Netflix a sababbin ƙasashe 130 a lokaci ɗaya, Najeriya na ciki. Yury Izrailevsky, wanda ya jagoranci sashen girgije, ya rubuta cewa masu kallo sun ninka na 2008 sau takwas, yawan kallon kuma ya ninka sau dubu. Ya ce araha ba ita ce ta kai su ba, ko da yake daga ƙarshe kuɗin kowane kallo ya faɗi ƙasa da na tsohuwar cibiya sosai.

Yawancin masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa, su ce ga shaida girgije ya yi nasara. Rabin labarin ke nan. Fim ɗin da kake kallo a Netflix, hotonsa da sautinsa, ba daga kwamfutocin Amazon yake zuwa wayarka ba. A daidai shekarun da kamfanin ke rushe cibiyarsa yana komawa haya, yana can yana ƙera nasa akwatunan ƙarfe yana rarraba su a duniya.

Lissafi ne ya jawo haka. Ajiye fim a girgije ba shi da tsada, shigar da shi ma yawanci kyauta ne. Kuɗin yana wajen fitarwa. Farashin da Amazon ke bugawa ga kowa a cibiyoyinsa na Amurka yana farawa daga santi 9 na dala a kan kowace giga da ta fita zuwa intanet, ya sauka zuwa santi 5 ga masu fitar da kaya da yawa. Ga shafin banki ko na jarida wannan ba komai ba ne. Bidiyo kuwa kaya ne mai nauyi: awa ɗaya ta kallo tana cin kusan giga 1 a hoto na talaka, giga 3 a hoto mai kyau, har zuwa 7 a mafi kyawunsa. A farkon 2016 ana kallon awa miliyan 125 a Netflix kowace rana. Bari in yi nawa lissafin, wanda ba na kamfanin ba ne. A ɗauka kowace awa giga 1 ce kawai, a farashin santi 5. Dala miliyan 6 da dubu 250 ke nan a rana, sama da dala biliyan 2 a shekara, a lokacin da duk kuɗin da ya shigo wa kamfanin a 2015 bai kai biliyan 7 ba. Babu mai girman Netflix da ke biyan farashin kan allo, ana yi masa ragi mai yawa. Amma ko da an zaftare kashi huɗu cikin biyar, abin da ya rage ya isa a zauna a yi tunanin haƙa rijiya.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Cibiyar haya tana inda mai ita ya gina ta, mai kallo kuma yana inda Allah ya ajiye shi. Duk tsawon tafiyar da bidiyo zai yi, yana ratsa hanyoyin kamfanoni daban-daban, kowace mahaɗa wurin cunkoso ce, kuma cunkoson shi ne da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo. A wajajen 2015, a lokutan da aka fi hawa intanet da dare, Netflix shi kaɗai yana cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na datar da ke sauka gidajen Arewacin Amurka. Tun 2009 ya damƙa aikin isar da bidiyon ga kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Akamai da Limelight da Level 3. Haya ce ita ma. Da kaya ya yi nauyi haka, a 2011 ya fara gina nasa tsarin, ya bayyana shi a watan Yunin 2012 da sunan Open Connect.

Akwatin Open Connect ba kwamfuta ce mai yin komai da komai ba. Aiki ɗaya ta sani: ta riƙe finafinai ta miƙa su da sauri. Cike take da fayafayan ajiya, tana tafiya a kan FreeBSD da NGINX, manhajojin da kowa ke iya ɗauka kyauta. Ba ta san sunan mai kallo ba, ba ta riƙe tarihin kallonsa ko katin bankinsa. Netflix yana ajiye wasu a mahaɗun intanet, inda kamfanonin sadarwa ke haɗa wayoyinsu, wasu kuma yana bai wa kamfanonin da ke sayar wa jama'a intanet kyauta, muddin masu kallonsu sun kai wani adadi, su saka a cikin ɗakunan na'urorinsu. Kamfanin sadarwa ya ba da wuri da wuta da waya. Ribarsa ita ce fim ɗin da mutum dubu goma za su kalla ya shigo masa sau ɗaya, maimakon ya biya kuɗin jawo shi daga nesa sau dubu goma.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta cika akwatunan. Netflix ya san abin da ke rumbunsa, ya san ranar da sabon shiri zai fito, kuma daga tarihin kallo yana iya hasashen abin da mutanen wani yanki za su nema gobe da dare. Don haka yake tura kayan tun kafin a tambaya, a sa'o'in da mutane ke barci hanyoyin intanet suka zama fayau. Duk wanda ya taɓa ganin motar gidan burodi tana zagaya teburan masu shayi kafin kiran assalatu ya san wannan tsarin. Mai gidan burodin ya san teburin da ke sayar da hamsin da wanda ke sayar da goma, ya sauke wa kowa nasa hanya babu kowa, kafin gari ya waye kaya yana kusa da bakin mai ci.

Kasancewar akwatin aiki ɗaya yake yi ya ba injiniyoyi damar tatsar sa har ƙarshe. A 2012 akwati ɗaya yana fitar da gigabit 8 a daƙiƙa. A 2016 ya haura 90. A 2021 wani injiniyansu, Drew Gallatin, ya nuna yadda suka kai 400, a shekarar da ta biyo ya nuna 800. Gigabit ɗaya megabit dubu ne. In kowane mai kallo yana jan megabit 5, wanda ya isa hoto mai kyau, akwati ɗaya irin wannan zai ɗauki mutum dubu 160 a lokaci guda. Wannan irin tatsa sai mai kayan, wanda ya zaɓi kowane ƙarfe da hannunsa kuma yake iya taɓa can cikin manhajar. Ɗan haya ba ya fasa bango. A 2023 Greg Peters, ɗaya daga shugabannin kamfanin biyu, ya faɗa a taron kamfanonin waya na Barcelona cewa sun kashe sama da dala biliyan 1 a kan tsarin, suna da akwatuna dubu 18 a wurare dubu 6 cikin ƙasashe 175.

Iyakar gidajen biyu tana kan maɓallin kunnawa. Duk abin da ke faruwa kafin ka danna shi, a kwamfutocin haya yake: shigarka, jerin finafinan da aka shirya maka, bincikenka, kuɗinka, har da sarrafa kowane fim zuwa girma iri-iri don ya dace da ƙaramar waya da babban talabijin. Akwatunan kuma suna ta aika rahoto can, kowanne yana faɗin lafiyarsa da abin da yake riƙe da shi da unguwannin intanet da yake iya kaiwa. Kana dannawa, sai kwamfutar haya ta duba inda kake ta ba na'urarka adireshin akwatunan da suka fi dacewa. Daga nan Amazon ya fita daga maganar bidiyon, kai da akwatin ne.

A ganina wannan rabon shi ne ainihin abin dubawa a lamarin. Aikin da ke gaban maɓalli mai sauyawa ne kullum, ana gwada sabon abu yau a jefar gobe, nauyinsa yana hawa yana sauka, kuma kuskure a cikinsa yana buƙatar a ƙara ƙarfi nan take. Irin wannan haya ta fi dacewa da shi. Aikin da ke bayan maɓalli kuwa iri ɗaya ne jiya da yau, nauyinsa ya wuce misali, ana iya hango shi, kuma ingancinsa shi ne abin da mai biyan kuɗi ke gani da idonsa. Nan ne suka zuba jarinsu. Kuma ba su yi gaggawar ƙera akwatunan ba. Sai da suka yi shekaru suna biyan masu isar da bidiyo, suka san girman kayansu da inda yake zuwa, sannan suka ƙera akwatin farko.

Mallakar akwati ba ta raba su da rigima ba. Wasu manyan kamfanonin intanet na Amurka sun ƙi karɓar kyautar, suka ce mai cika musu hanya da kaya shi ya kamata ya biya. Kallo ya yi ta sarƙewa ga abokan cinikin ɗaya daga cikinsu, Comcast, har zuwa Fabrairun 2014, lokacin da Netflix ya amince ya biya don a haɗa wayoyinsu kai tsaye. A Koriya ta Kudu sun yi shekaru a kotu da kamfanin intanet na SK Broadband kafin su sasanta a Satumbar 2023. Kilomitocin ƙarshe zuwa gidan mai kallo kullum na wani ne.

Shekarar 2016 ɗin nan ta nuna cewa babu amsa ɗaya ga kowa. A watan Fabrairu Spotify, mai harkar sauraron waƙoƙi, ya sanar da barin cibiyoyinsa zuwa girgijen Google. A watan Maris Dropbox, mai harkar ajiye wa mutane fayiloli a intanet, ya bayyana cewa ya kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na fayilolin jama'a daga Amazon zuwa nasa na'urorin, kuma takardunsa na shiga kasuwar hannun jari sun nuna ragin kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Kowanne ya duba inda nauyinsa yake.

Ina tsoron yadda ake ɗaukar labarin Netflix a ɗora wa ƙaramin mai son buɗe manhajar haska finafinan Hausa ko karatuttukan malamai. A ce yana da mutum dubu 2, kowa yana kallon awa 10 a wata a kan giga 1. Giga dubu 20 ke nan, kusan dala 1,800 a wata in ya fitar da su kai tsaye a farashin kan allo. Kuɗin da dala ake lissafa shi, masu kallo kuma naira suke biya. A farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, wato hayar ta ninka sau uku ba tare da an ƙaru da mai kallo ko ɗaya ba. Wannan yana ingiza mutum ya ce gara ya sayi tasa na'urar. To amma na'urar tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da layin intanet mai ƙarfin fitar da kaya, da wanda zai tashi ƙarfe biyun dare in faifai ya mutu, kuma babu kamfanin sadarwar da zai ba akwatinsa wuri kyauta, don masu kallonsa ba su kai su dame shi ba. Abin da zai ɗauka daga Netflix shi ne ya raba lissafinsa biyu tun ranar farko, ya san nawa ne kuɗin manhaja, nawa ne kuɗin isar da bidiyo, ya nemi masu isarwa mafi araha da kusanci, ya kuma matse bidiyonsa da kyau, domin kowace giga da ya rage ta rage masa haya ta rage wa mai kallo data. Nisa ma abin lissafi ne a wurinmu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin wannan ranar, ko fim yana ajiye a cikin gari, in mai ba da izinin kunna shi yana ƙetaren teku, sai saƙon ya samu hanyar zuwa ya dawo.

Tsarin Netflix kansa yana da inda yake da rauni, kuma an gani a fili. Duk ƙarfinsa ya ta'allaƙa ne a kan sanin gobe, ga shi kuma ya shiga haska abubuwa kai tsaye. Ranar 15 ga Nuwambar 2024 ya haska damben Mike Tyson, mai shekara 58, da Jake Paul, daga Arlington ta jihar Teksas. Kamfanin ya ce a ƙololuwar daren na'urori miliyan 65 ne ke kallo a lokaci guda. Mutane da yawa sun yi ta kukan hoto yana daskarewa, yana dishi-dishi, wasu ma ya ƙi buɗe musu. Naushin da ba a kai ba tukuna babu yadda za a yi a ajiye shi a akwati tun daren jiya. Dole hoton ya tashi daga filin, ya shiga kwamfutocin haya a sarrafa shi, a yanyanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi, akwatunan duniya su ja shi, duk a lokacin da miliyoyin mutane ke danna maɓalli ɗaya a minti ɗaya. Burodi yana cikin tanda, masu shayin gari duka sun yi layi a ƙofa. Gidajen biyu da aka raba wa aiki aka bar kowanne da lokacinsa, a daren nan dole suka yi gudu tare, kuma ɗinkin da ke tsakaninsu ya nuna.

Kwana 40 bayan damben, ranar Kirsimetin 2024, shekara 12 da kwana ɗaya bayan daren da ƙofar Birjiniya ta toshe, Netflix ya haska wasanni biyu na ƙwallon Amurka kai tsaye, aka tashi babu wata babbar tangarɗa. A watan Janairun 2025 ya fara haska kokawar WWE kai tsaye kowane mako. Masu biyan kuɗinsa a lokacin sun haura miliyan 300, kuɗinsu da sunayensu suna kwamfutocin Amazon, hoton kuma yana fitowa daga akwatunan kamfanin. Sashen DVD da ya haddasa tafiyar tun farko ya aika jan ambulan ɗinsa na ƙarshe ranar 29 ga Satumbar 2023.